Bayan Katanga Ba Namu Ba Ne

Ina cikin kanti ina jera kwalayen magani Tsigi ta kira ni. Tsigi ita ce autata. Tun tana goye ba ta da jiki, shi ya sa kakarta ta laƙaba mata wannan suna, ya kuma bi ta har kwaleji. Daga jin gaisuwar na san da magana, don yarinyar da ba ta taɓa damuwa da ciwon ƙafata ba sai ga ta tana tambayarsa har sau biyu.

"Umma, zan faɗa miki wani abu, amma ki yi min alkawari ba za ki tayar da hankalinki ba."

"Ban yi ba. Faɗi."

Ta faɗa. Shekaranjiya da yamma ta taso daga ɗakin gwaje-gwaje za ta gidan kwanansu, wani a kan babur ya fizgi jakarta. Ita kuma da taurin kan da ta gada a wajena ta ƙi saki, sai ya ja ta a ƙasa. Hannunta ya gurɗe, gwiwarta ta goge, jakar kuma ta tafi.

"Shekaranjiya?" na ce. "Sai yau kike faɗa min?"

"Ai na ji sauƙi, Umma."

Ban san lokacin da na rufe kantin ba. Wata mata tana ta miƙo min takardar likita, na ce ta yi gaba, yau babu magani.

Na tarar da babansu a falo yana gyaran jarrabawar ɗalibansa. Malamin lissafi ne, irin mutanen nan da in gida ya kama da wuta sai sun fara tambayar daga wane ɗaki ta tashi. Ya saurare ni har na kai aya, ya tashi ya shiga ɗaki, ya fito da ɗan littafin da kwalejin ke aiko wa iyaye duk shekara. Ya buɗe shafin rahoton tsaro ya ɗora min a cinya. Sata, sifiri. Fashi, sifiri. Cin zarafi, sifiri. Shekara uku a jere haka suka rubuta. Saboda wannan shafin muka zaɓi kwalejin tun farko, muka bar manyan makarantun da ke kusa da mu.

"Abin da mamaki," in ji shi. "Ƙila wannan ne karo na farko."

"To a kan 'yata za a fara? Malam, gobe ka zuba mai a mota. Kwaso ta za mu yi."

"Ummansu, saura mata shekara guda fa. In ta bar nan, duk inda ta je daga farko za ta faro."

"Ta zo ta taya ni jiran kanti da hannayenta biyu. Ya fi min takardar shaida."

Ya san in na hau ba a tare ni, sai dai a jira in sauko don kaina.

Washegari bayan la'asar muka isa. Kwalejin ƙarama ce, gine-gine uku masu fenti ruwan madara, da ciyawa a gyare, da furanni a bakin hanya. A babbar ƙofa masu gadi biyu cikin kaki mai guga suka tsayar da mu, suka rubuta sunanmu, suka buɗe but ɗin motar, har da zura madubi a ƙarƙashin mota. Babansu ya kalle ni, wai in ga irin tsaron. Na ce masa ya ajiye motar ya jira ni, kuma kada ya rufe but ɗin.

Tsigi tana tsaye a gaban ginin ofisoshi, hannunta naɗe da bandeji. Ta rame, ko kuwa idona ne. Duk faɗan da na ƙunso tun daga gida sai na manta da shi. Na kama hannun ina juyawa a hankali, tana cewa ba zafi, fuskarta tana ƙaryata ta.

"Mu je wajen Shugaba in faɗa mata abin da ke raina," na ce. "Daga nan sai ɗaurin kaya."

"Umma, don Allah..."

"Wuce mu je."

Shugabar kwalejin mace ce doguwa mai gilashi, ba ta kai ni shekaru ba. Na shiga da shirin faɗa, sai ta taso daga bayan teburinta ta zauna kusa da mu, ta fara duba hannun Tsigi kafin ta ce da ni komai. Hakan ya ba ni haushi, don ya rage min ƙarfi. Ta ce ita ba ta ji labarin ba sam. Ta ɗaga waya ta ce a turo mata Kwamanda.

Kwamanda shi ne shugaban masu gadi, tsohon ɗan sanda mai furfura a gashin baki, takalminsa har ɗaukar ido yake. Ya ƙame ya sara mata. Da ta tambaye shi, bai ɓoye ba.

"Ranki ya daɗe, na sani. Ta zo ta faɗa min, na jajanta mata, ni na sa aka kai ta ɗakin shan magani. Na kuma ce ta kai ƙara ofishin 'yan sanda."

"Me ya hana ka rubuta ka kawo min?"

"Ai a bayan katanga abin ya faru, ranki ya daɗe. Bayan katanga ba namu ba ne. Haka ƙa'idar rahoton take, abin da ya faru a cikin haraba shi ake ƙirgawa."

Ya faɗi haka kansa a sama, babu alamar yana kare kansa. Har zuciyarsa ya yarda da abin da yake faɗa.

Na juya kan Tsigi. "Ke kuma uban me ya kai ki bayan katanga? Karatu na turo ki ko yawo?"

"Hanyar gidan kwana ce, Umma."

"Wace irin hanya? Ranar da muka kawo ki ba ta wata 'yar ƙofa muka bi muka shiga da akwatinki ba?"

"Da rana ne. Ana tashi daga aiki ake kulle ta. Mu kuma masu gwaje-gwaje sai kusan magariba muke fitowa." Ta dubi Shugaba. "Malama, da za ku zo ku gani da ya fi. Yanzu ma an kusa kullewa."

Shugaba ta dubi agogo, ta dubi tulin takardun da ke kan teburinta. Ban bari ta yi tunani mai tsawo ba.

"Malama, tashi za ki yi mu je. Gani ya kori ji."

Ta tashi kuwa, da takalminta mai tsini.

Muka ratsa ta gaban azuzuwa, muka wuce ɗakin gwaje-gwaje, har ƙarshen haraba. Ga 'yar ƙofar ƙarfe mai koren fenti a jikin katanga, wani mai gadi yana cikin datse mata kwaɗo. Ta samanta ina hango rufin gidan kwanan 'yan matan, har da tawul ɗin da suka shanya a baranda. Da zan ɗaga murya da sun ji ni.

Kwamanda ya dafa ƙofar yana ba mu tarihinta. Shekaru uku da suka wuce, in ji shi, ta nan ɓarayi suka bi da yamma suka kwashe kwamfutocin ɗakin gwaje-gwaje. Shi ya kawo shawarar a riƙa kulle ta da zarar ma'aikata sun tashi. Tun daga ranar ko allura ba ta sake ɓata ba.

"Kwamfutocin suna nan lafiya ke nan," na ce.

"Lafiya lau, Mama."

"Madalla. A gaishe su."

Tsigi ta taɓa ni da gwiwar hannu, wai in yi shiru. Ta juya ta shige gaba, muka bi ta. Muka koma ta inda muka fito, muka fita ta babbar ƙofa. Masu gadi suka ƙame suna sara wa Shugaba, suna mamakin ganinta a ƙasa. Babansu ya hango mu, ya bar motar a buɗe ya biyo bayanmu bai tambayi ina za a ba.

Da farko titi ne mai kwalta, da shaguna da mutane. Sai Tsigi ta karya kwana ta bi jikin katangar kwalejin. Nan kwalta ta ƙare. A dama katanga ce doguwa mai waya a kanta, a hagu bayan garejin makanikai, da gawarwakin motoci a jibge, ciyawa ta fito ta tagoginsu. Makanikan sun riga sun tashi. A tsakiya ga wata kwata mai faɗi da aka gitta wa katako biyu. Akwai fitila a kan falwaya guda ɗaya, kanta a fashe.

Shugaba ta tsaya a bakin katakon. Ta cire takalmanta ta riƙe a hannu sannan ta haye. Ban taimake ta ba, kuma ba ta nema ba.

"A nan ne," in ji Tsigi, ta nuna wani wuri da ƙasa ta goge. "Daga bayan waccan motar ya fito."

Na kalli wurin. Na kalli katangar, wadda a ɗaya gefenta ake shayar da furanni. Tsoro da baƙin ciki suka haɗe min. Shekara biyu 'yata tana bin nan kullum, ni kuwa ina can ina barci da munshari saboda an rubuta min sifiri.

Muna tsaye sai ga wasu 'yan mata huɗu sun taho a bayanmu cikin fararen rigunan gwaji, a cure wuri guda, kowacce ta rungume jakarta a ƙirji. Suna ganin Shugaba suka rage sauri, suka gaishe ta a ɗarare suka wuce.

Babansu ne ya yi magana, a hankali kamar yana aji. "Kwamanda, lissafinka daidai ne. Sai dai ka fitar da yaran daga cikin lissafin kafin ka fara ƙirgawa."

Kwamanda ya juya. Yana ta kallon motar da Tsigi ta nuna, gashin bakinsa yana motsi.

Kafin mu kai ƙofar gidan kwanan labari ya riga mu. 'Yan mata sun cika baranda sama da ƙasa, wasu da bokiti a hannu, wasu da littafi. Shugaba ta sa takalmanta ta tsaya a tsakar gidan, ƙafarta duk ƙasa. Ba ta yi dogon jawabi ba.

"Ina so in san gaskiya, kuma babu wadda za a hukunta. Duk wadda aka taɓa yi wa ƙwace, ko aka bi ta, ko aka tare ta a hanyar nan, ta ɗaga hannu."

Da farko babu wadda ta ɗaga. Suna ta kallon juna. Tsigi ta ɗaga nata mai bandeji, ya daɗe shi kaɗai a sama. Can wata mai kitso biyu a bene ta ɗaga. Sai ta kusa da ita. Sai aka shiga ɗagawa nan da can, wasu a rabi, kamar masu shirin saukewa in an harare su. Na ga bakin babansu yana motsi, yana ƙirga hannuwan. Da ya wuce ashirin sai ya daina.

"Me ya sa ba ku faɗa ba?" in ji Shugaba. Muryarta ta canja.

"Mun faɗa da farko, Malama," in ji mai kitso biyun. "Aka ce waje ne."

"Iyayenku fa?"

Na ga dai idanu suna juyowa kaina, ban gane dalili ba.

Kwamanda ya matso kusa da Shugaba ya rage murya, amma kunnena ba ya barin magana ta wuce. "Ranki ya daɗe, in aka sa wannan a rahoto, masu makarantar ba za su ji daɗi ba. Iyaye za su tsorata."

"Za a sa," ta ce. "Da hanyar, da duk abin da ya faru a cikinta. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ni zan je gabansu in yi bayani."

"Ƙofar fa?" na ce. "Ni ba na cin alkawari, Malama. Na sha jin za a kafa kwamiti."

Ta dubi Kwamanda. Bai jira ta yi magana ba. Ya zaro tarin makullai daga ƙugunsa ya nufi katangar baya. Muna ji ya ƙwala wa mai gadin ciki kira ya jefa masa makullin ta sama. Da ƙofar ta buɗe ya ratsa ya tafi, jim kaɗan sai ga shi ya dawo ɗauke da benci a kafaɗa, shi da kansa, da furfurarsa. Ya dire shi a bakin ƙofar ya zauna.

"Yau ni zan zauna," ya ce, ba tare da ya kalli kowa ba. "Gobe a gyara jadawalin gadi. Ina da jikoki mata, Mama. Wallahi ban taɓa bin hanyar nan da ƙafata ba."

Na kama hannun Tsigi mai lafiya na ce ta kai ni ɗakinta.

Ɗakin gadaje huɗu ne masu hawa biyu, nata na ƙasa kusa da taga. Ta lilliƙa zane-zanen ƙwayoyin jini a bango, da rubutunta ƙanana a gefe. Na durƙusa na jawo akwatinta daga ƙarƙashin gado na buɗe, na fara ninke kaya. Ƙofa dai an buɗe, na gani da idona. Amma na ga hanyar ma da idona. Yau sun buɗe don ina tsaye, gobe fa?

Tsigi ta zauna a bakin gado tana kallona. Ba ta yi kuka ba, da ma ba mai kuka ba ce.

"Umma, kin san me ya sa suke kallonki ɗazu?"

"Ina ruwana."

"Duk waɗanda suka ɗaga hannu, babu wadda iyayenta suka sani. Ni kaɗai ce na faɗa. Kwana biyu 'yan ɗakin nan suna roƙona in yi shiru. Suka ce in na faɗa za a zo a kwashe ni, kamar yadda aka yi wa wata bara. Na ce musu ummata tana da faɗa, amma tana jin magana."

Hannuna ya tsaya a kan wata riga.

"Yanzu suna waje suna jira su gani," ta ce. "In na fita da akwatin nan, Umma, babu wadda za ta sake faɗa wa kowa komai. Ko an tambaye su. Shekara mai zuwa sai a sake samun sifiri."

Na ɗaga labulen taga kaɗan. Suna nan kuwa, ba su watse ba. Kowacce ta sami abin yi a baranda, mai matse wanki, mai taje kai, amma duk fuskokin suna fuskantar ƙofar ɗakin nan. 'Ya'yan mutane, kowacce da uwarta a wani wuri tana barci da munshari irin nawa.

Na zauna a ƙasa dirshan. Tsoron bai tafi ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma wani abu ya danne shi. Yarinyar nan ta san halina sarai, ta san abin da kiran zai iya jawo mata, ta kuma kira. Na ji ina alfahari da ita har idona ya kawo ruwa, abin da ya ƙara ba ni haushi.

"Wa ya koya miki ninke riga haka?" na ce. "Dubi yadda duk suka yamutse. Kwashe ki mayar, ki ninke su kamar 'yar mutane."

Ta faɗo jikina da hannu ɗaya. Na ce ta ɗaga ni, ƙafata na ciwo.

Na gindaya mata sharuɗɗa, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Na karɓi lambar Shugaba da ta Kwamanda, na kuma faɗa musu a gaban kowa cewa zan riƙa zuwa ba sanarwa, ranar da na tarar da kwaɗo a ƙofar nan sai an ji mu a titi. Shugaba ta ce tana maraba. Kwamanda ya ce daga kan bencinsa, "Allah Ya ba ki haƙuri, Mama." Babansu ya tafi rufe but ɗin da ya bari a buɗe tun ɗazu.

Na kama hanyar tafiya hannu rabbana, Tsigi tana raka ni. Barandar ta yi tsit, sai kuma surutu ya ɓarke gaba ɗaya, har da masu tafi. Na yi kamar ban ji ba.

Mun kusa koriyar ƙofar sai na ji ana binmu da sauri. Mai kitso biyun nan ce. Ta tsaya a gabana tana murza yatsunta, ta kasa haɗa ido da ni.

"Mama, don Allah ko za ki ara min wayarki? Babana zan kira. Tawa tun watan jiya aka ƙwace, na ce masa ta faɗa ruwa."

Na miƙa mata. Ta danna lambar, ta tsaya ba ta kira ba.

"In ya fara faɗa, Mama, za ki karɓa ki yi masa magana?"

"Kira shi," na ce. "Ina nan tsaye."